Albashin Suruki

A kamfanin gurzar auduga na Funtuwa ba a ɓoye wa lebura kuɗinsa. Akwai baƙin allo a jikin get, an rubuta da alli abin da mai ɗaukar buhu zai samu a yini, da na mai ɗura wa inji auduga, da na mai shara. Wanda bai yi boko ba, helma, shugaban leburori, ya karanta masa da ƙarfi kowa na ji. Kuɗin ba wani yawa gare su ba, amma tun kafin ka tuɓe riga ka san abin da guminka zai haifar. Da wannan sanin Ɗanasabe ya auri Mairo, 'yar Malam Shitu mai hatsi, lokacin da Malam Shitu bai wuce 'yan buhuna a rumfa ba.

Sai masara ta yi daraja. Malam Shitu ya hau jirgi ya dawo Alhaji, har da haƙorin Makka, ya sayi injin niƙa ya kafa a bayan kasuwa. Abin da ya rage shi ne mai riƙewa.

Saƙon bai zo kai tsaye ba, don suruki ba ya tarar surukinsa da irin wannan magana. Ta bakin Baffa Sanda ya biyo, ƙanen mahaifin Ɗanasabe, wanda ya karɓa masa auren. Tsohon ya tako keke tun daga Maska, ya same shi a ƙofar gidan da yake haya.

"Alhaji ya ce ka bar aikin kamfanin nan ka zo ka riƙe mashi inji. Ya ce bare ba shi da amana, ga shi kai ka san kan bel da man gas."

"To Baffa, ya faɗi yadda za a yi?"

"Yadda za a yi mi?"

"Wajen abin da za a riƙa ba ni."

Baffa Sanda ya jingine keken, ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Ɗanasabe, ina ka aje hankalinka? Mutum ya ɗauki ɗiya sukutum ya ba ka, kai kuma ka tsaya ciniki da shi kamar ka zo sayen akuya? Kada in ƙara jin wannan maganar. So kake a ce 'yan Maska ba su da kunya?"

Washegari suka tafi tare. Ɗanasabe ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure, ya kafa ido a kan tabarma. Alhaji Shitu ma bai dube shi ba, Baffa Sanda yake kallo yana magana. Ya ce ai abin na gida ne. Ya ce in Allah ya yarda ba za a ɓata ba. Aka shafa fatiha. Iyakar yarjejeniyar ke nan, kuma duk wanda ke zauren ya tashi yana jin an yi abin mutunci.

Ɗakin injin na kwano ne, ba taga sai ƙofa. Da sassafe Ɗanasabe zai duba mai, ya cika tankin ruwa, ya murza hannun inji har ya kama. Daga nan sai ƙara. Mata su aiko da surfe, masu waina su kawo markaɗe, wata ta ce ɓarza take so, wata ta ce gari ya yi laushi, masu barkono su zo a ƙarshe don kada a ɓata wa mutane tuwo. Kuɗin niƙa kwabo-kwabo ne da sule-sule, yana jefa su cikin wani babban gwangwanin madara da ke rataye a ƙusa. Bayan magariba ya kashe inji, ya wanke fuska, ya ɗauki gwangwani ya nufi gidan Alhaji. Ya durƙusa ya ajiye shi a gefen buzu. Alhaji ba ya buɗewa a gabansa. Da dunduniya yake tura shi bayansa, ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Gobe da safe a dawo da gwangwanin wayam.

Da wata ya mutu, Ɗanasabe ya ajiye gwangwani ya ci gaba da durƙuso, bai tashi ba. Alhaji ya gama jan carbi zagaye guda, ya fara wani.

"Da magana?"

"A'a Baba, babu."

"To a gai da gida."

Da safe aka aiko wa Mairo da tiyar masara da ɗan man gyaɗa a kwalba. Ta yi murna, ta ce Baba ya tuna da su. Ɗanasabe ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce wa ransa watakila Alhaji tara masa yake yi, wata rana zai kira shi ya damƙa masa a dunƙule. Wata na biyu ma haka ya ce wa ransa. A na uku bai ce masa kome ba.

Ranar da injin ya fara lalacewa aka kira Jimoh bakanike, Bayarabe haifaffen Funtuwa, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da ta wasu masu taƙama da ita. Ya zo ya zagaya injin, ya saurara, ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa bai buɗe ba.

"Alhaji, mu yi magana tukuna, kada mu zo mu yi faɗa daga baya."

Ya faɗi kuɗinsa. Alhaji ya riƙe baki ya yi salati, ya taya rabi. Jimoh ya miƙe ya ɗauki akwati. Alhaji ya riƙo shi yana dariya, suka ja, suka sassauta, suka tafa. Da aka gama aiki Alhaji ya zaro ya biya a take, har yana cewa, "Ni fa ina son mutum mai faɗin gaskiyarshi. Ba ƙumbiya-ƙumbiya." Ɗanasabe na tsaye a gefe riƙe da sifana, hannunsa baƙi ƙirin da mai, shi ne ya yi rabin aikin.

Bayan Alhaji ya tafi, Jimoh na goge hannu da tsumma ya ce, "Kai nawa yake ba ka?"

Ɗanasabe ya duƙa yana gyara bel ɗin da ba abin da ya same shi.

"Kai nake tambaya, angon Mairo."

"Ai ni ɗan gida ne."

"Ɗan gida ba ya cin tuwo?" Jimoh ya dubi gwangwanin a ƙusa, ya dubi Ɗanasabe, ya daina dariya. "Tsaya. Kana nufin ba ka zarar naka? Duk injin da nake gyarawa daga nan har Bakori, mai riƙewa sai ya cire nashi kafin ya kai. Mai inji ya sani, ya kau da kai. Shi ya sa ba a yanka albashi. Haka ake yi."

"Kuɗin surukina? In sa hannu in ɗiba, sannan in je in durƙusa gabanshi?"

"To ka tambaye shi."

"Ba a yi."

"Ba ka ɗauka, ba ka tambaya." Jimoh ya saɓa akwatinsa. "Allah ya ba ka haƙuri, don shi za ka ci."

Ba za a ce bai gwada ba. Wata rana da hantsi, ranar da ya baro Mairo ba ko gishiri, ya zaro sule ɗaya daga gwangwani ya sa a aljihu. Yini ya yi yana jin nauyinsa a cinya. Duk macen da ta leƙo ƙofa sai ya ga kamar aljihun take kallo. Kafin la'asar ya mayar da shi, ya ji ƙarar faɗawarsa a kan 'yan'uwansa duk da rurin inji. Bai sake ba.

Ya sayar da rediyonsa, ya biya haya. Ya sayar da keke, suka ci. Bayan nan sai shara. Kowane injin niƙa yana zubar da gari a ƙasa, kuma wannan ba na kowa ba ne, don haka Ɗanasabe ya ga ba sata ba ce. In ya kashe inji ya share, ya tara a leda ya kai gida. Garin masara ne da na dawa da na rogo da ɗan barkono da ƙasa, duk a haɗe. Mairo ta tankaɗe sau biyu da rariyar laushi, ta tuƙa. Tuwon ba shi da launi, kuma dole a ci shi a hankali saboda tsakuwa. Ba ta taɓa cewa kome a kai ba, sai dai in ta ga ya tauna dutse ta ce, "Sannu Malam," ta tura masa ruwa.

Kunnensa ya fara lalacewa. Da farko in an kashe inji ƙarar takan bi shi gida ta kwana, da safe ta tafi. Daga baya ta daina tafiya. Mutane su yi masa magana ya riƙa kallon bakinsu. Tari ma ya zo, na garin barkono, irin wanda ke tayar da maƙwabta. Fushi ne bai zo ba. Shi kansa ya yi mamaki. Ya sa ran wata rana zuciya za ta taso masa ya yi wani abu, amma sai ya ga safiya na yi yana murza inji, magariba na yi yana durƙuso, tsakaninsu ba ya jin kome, ko yunwar ma sama-sama.

Da Mairo ta samu ciki, ta ce, "Malam, bari in yi wa Inna magana."

"Kada ki yi. Sai a ce na aike ki roƙo."

Amma da ta je gida ganin iyaye ta faɗa. Innarta Hajo na tsinke zogale ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Mai gwangwani a hannu tun safe har dare ne ba shi da kuɗi? Ke dai yarinya ce, ba ki san maza ba. Ubanki ya sakar mashi inji, ko ƙirga ba ya yi. Ki binciki inda yake kai su, shi ne magana."

"Wallahi Inna ba ya taɓawa."

"Haka ya ce maki."

Shi ma Baffa Sanda, da ya zo cin kasuwa ya ga yadda wuyan yaron ya yi tsawo, sai tausayi ya kama shi. Ya je ya kewaya wa Alhaji magana, ya bi ta damina, ya bi ta tsadar kaya, da ƙyar ya iso wurin. Alhaji ya gane tun kafin ya iso.

"Malam Sanda, in na yanka mashi albashi ai na maishe shi lebura. Ni ba zan wulakanta mijin ɗiyata ba. Injin nan in na faɗi na mutu na wa ne? Ba na 'ya'yanshi ba ne?"

Baffa Sanda ya ce wannan gaskiya ne, ya yi godiya, ya hau kekensa. Wani zuwan aka ce a bari inji ya fitar da kuɗin da aka sayo shi. Wani zuwan aka ce a bari kaka ta yi. Da kaka ta yi aka ce gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, man gas ma sai da layi. A cikin wannan tsukewar Alhaji ya yi wa gidansa siminti, ya sayi babur. Uzuri dai ba ya ƙare wa mai abu, kuma abin haushin shi ne Alhaji bai ɗauki kansa azzalumi ba ko na minti ɗaya. Barcinsa yake yi har da minshari.

Da aka buɗe kasuwar auduga, Ɗanasabe ya saci jiki da asuba ya je get ɗin kamfani. Allon na nan, an ma ƙara kuɗin. Ya tsaya yana kallon alli kamar mai kallon gidan da ya taɓa zama. Helma ya hango shi a layi ya yi masa magana, bai ji ba. Ya sake, bai ji ba. Sai da ya zo ya dafa shi ya ɗaga murya.

"Surukin Alhaji guda, mai inji, me kake nema a layin talakawa? Ka bar wa marasa galihu mana." Ya ƙara dubansa, ya rage wasa. "Kuma ka san aikin nan. Wanda ba ya jin a ce mashi kauce, bel ne zai cinye mashi hannu. Ka yi haƙuri."

Ya koma ya murza inji, bai ko makara ba.

Cikin Mairo na tsufa Hajo ta zo ɗaukarta goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, mace ta je gaban uwarta ta haihu ta yi wanka. Ɗanasabe ya bar musu ɗakin ya tsaya a waje, don ba ya haɗa ido da ita. Hajo ta buɗe tukunya, ta buɗe kwalla, ta sa hannu a ledar gari ta murza, ta kai hanci. Ta naɗe wa 'yarta kaya har da waɗanda ba a ɗauka in za a dawo. Da za su fita Mairo ta rage tafiya a gabansa, ta ce a hankali, yadda zai ga bakinta, "Sai na dawo, Malam."

Ranar Laraba ta haifi mace. Abin da ke kan miji a jego sananne ne: itacen wanka, da kanwa da kayan yaji, da naman kauri, da ragon suna. Itace kam ya iya. Kullum kafin alfijir ya fita bayan gari ya saro, ya ɗauko a ka ya jibge a ƙofar gidan Alhaji, sannan ya wuce inji. Na kauri kuwa, ya kai ƙafafun saniya guda biyu da wani mahauci ya ba shi don tausayi. Rago ne ya gagara.

Alhaji ya saya, ƙato, mai ƙaho a murɗe, aka ɗaure shi a ƙofar gida tun ana jibi suna don kowa ya gani. Ranar suna maroƙi ya ɗaga murya ya ce yarinya ta ci sunan kakarta, ana kiranta Laraba, rago kuwa Alhaji Shitu ne ya yanka, uban marayu, mai aurar da 'ya ya haɗa da jari, ya kuma yi wa jika suna. Wannan kam Ɗanasabe ya ji, don maroƙi ba ya rowar murya. Mutane suka riƙa miƙa masa hannu suna cewa ya yi dacen surukai. Ya riƙa cewa ƙwarai kuwa.

Arba'in ta zo ta wuce, ba a mayar da mai jego ba. Aka ce jikinta bai yi ƙwari ba. Aka ce yarinya na mura. Ɗanasabe ba ya shiga cikin gidan, iyakarsa zaure, kuma ba ya iya buɗe baki ya ce ina matata. Amma kullum bayan magariba, in ya durƙusa ya ajiye gwangwani, lokacin ne ake yi wa Laraba wanka. Kukanta siriri ne mai kaifi, irin wanda ke ratsa ƙarar da ke kunnensa. Yakan ja durƙuson kaɗan don ya saurara. Wani lokaci ya ji muryar Mairo tana lallashinta, ba ya gane kalmomin. Wannan ɗan lokacin shi ne abin da yake jira tun safe, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da abin ya yi tsawo, Baffa Sanda ya zo aka sa ranar zama. Ranar Juma'a ce bayan la'asar. A zauren akwai Alhaji a kan buzunsa, da limamin unguwa, da maƙwabta dattawa biyu. Ɗanasabe ya durƙusa a wurinsa na kullum, kusa da takalma. Baffa Sanda ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce sun zo ne su ji ko akwai laifi, don yaro na son iyalinsa.

Liman ya ce uwar yarinya ta kawo kuka cewa ba a ciyar da 'yarta. Ya juyo, ya ɗaga murya don an gaya masa yaron ba ya ji sosai.

"Ɗanasabe, ciyarwa wajibi ce. Nawa kake samu a wata?"

Tambaya ce mai sauƙi. Da a kamfani ne, ko a barci aka tashe shi zai faɗa. Ya buɗe baki, ya dubi gefen buzun Alhaji, ya rufe.

Alhaji ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ba da fushi ya yi magana ba, da taushi ya yi, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Malam, bar shi, kada a tona mashi asiri. Ni zan faɗa. Tun ran da na ba yaron nan inji, gwangwanin kuɗi na hannunshi. Ban taɓa ƙirgawa gabanshi ba, ban taɓa ce mashi ina kaza ba. Kowa a nan ya san yadda riƙon inji yake. Na sakar mashi ya ɗibi abin da zai ishe shi, shi da iyalinshi. To ɗiyata ta dawo mani kamar kara. Inda yake kaiwa, caca ce, wani abu ne, Allah ya sani, ni ban bincika ba." Ya buɗe tafukansa biyu. "Amma ku shaida. Duk abin da ya ɗiba tun daga farko har yau, na yafe mashi duniya da lahira."

Dattawa suka ce Allahu akbar. Liman ya ce samun irin Alhaji sai an tona. Baffa Sanda ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Sai asabarin ƙofar cikin gida ya motsa.

"Baba."

Muryar Mairo ce. Mace ba ta sa baki a zaman maza, balle 'ya a gaban ubanta, amma ta sa. Ta ɗaga muryar yadda ta saba ɗagawa don mijinta ya ji.

"Baba, wallahi tallahi bai taɓa ɗaukar ko kwabo ba. Sharar inji muka yi ta ci. Kekenshi ya sayar ya ciyar da ni. Ba a taɓa ba shi kome ba. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Aka ji Hajo daga ciki tana cewa ke, ke, ba ki da kunya. Fuskar Alhaji ta canza. Liman ya juyo.

"Ɗanasabe, ka ji abin da ta ce. Haka ne?"

Ya ji. Tun da kunnensa ya lalace bai ji magana tar kamar wannan ba. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, kuma gaskiya ce. Amma in ya ce haka ne, ya ce ke nan Alhaji Shitu ya sa shi bauta ba lada, ya kuma yi masa ƙazafi, a zaurensa, a gaban limaminsa da maƙwabtansa, shi da ko sunan mutumin nan bai taɓa kamawa ba. Ya nemi kalmar a bakinsa, ya tarar wurin ba kome. Wata da watanni yana durƙuso a nan yana cewa babu, har bakin ya manta da wata amsa. Baffa Sanda ya miƙo hannu ta ƙasa ya matse masa yatsan ƙafa.

"Yi godiya," in ji shi. "Yi godiya mu tashi da mutuncinmu."

Ɗanasabe ya ƙara duƙar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Asabarin ya tsaya cak na ɗan lokaci. Sannan aka sake shi, ya bugi bango. Bai ji takunta ba, amma ya san ta tafi.

Saura duk mai sauƙi ne. Aka ce yarinya ta rufa wa mijinta asiri ne, haka matan kirki ke yi. Aka ce za ta zauna gaban iyayenta har yaro ya shiryu ya bar abin da yake yi. Alhaji ya ce shi ba zai kore shi daga inji ba, don ba ya son ya shiga duniya, sai dai za a samo mai karɓar kuɗi. Aka sake yaba masa. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

A gidajenmu ana kiran wannan kunya, kuma ana alfahari da ita. Amma kunyar nan gefe ɗaya take dannawa. Ta hana Ɗanasabe ya tambayi haƙƙinsa, ba ta hana Alhaji ya ci guminsa ba. Bare ya zo ya ce nawa, a faɗa masa, a biya shi, a ce mutumin kirki ne. Na gida ya yi shiru don girmamawa, a fassara shirunsa yadda aka ga dama, ranar da aka ga dama. Da an faɗi lamba ɗaya a zauren nan ranar farko, kome ƙanƙantarta, da Mairo na ɗakinta.

Ranar Asabar aka kawo mai karɓar kuɗin, wani Labo, mutumin Tsiga, wanda ba dangin iya ba na baba. Inji na ruri Alhaji ya zo da shi. Labo bai zauna a kan bencin da aka nuna masa ba sai da ya tambayi nawa za a riƙa ba shi. Ɗanasabe na ɗura dawa ya ga bakin Labo ya motsa, ya ga na Alhaji ya motsa, ya ga an ɗaga yatsu, an ƙara ɗaya, an tafa. Labo ya sauke gwangwani daga ƙusa ya ajiye tsakanin ƙafafunsa.

Yinin ya tafi kamar kowane yini. Surfe, markaɗe, ɓarza, barkono a ƙarshe. Da aka kira magariba Ɗanasabe ya kashe inji, ya yi salla, ya wanke fuska da kyau ya kakkaɓe garin da ke gashinsa kamar yadda yake yi kullum. Ya miƙa hannu wajen ƙusa. Labo ya riga ya tafi da gwangwani.

Ya tsaya da hannu a sama. Yanzu ne ake zuba ruwan wankan Laraba, yanzu za ta fara kuka. Sai lokacin ya gane ba shi da sauran dalilin zuwa ƙofar gidan nan.

Ya sauke hannun, ya ɗauki tsintsiya ya fara share garin da ya zube.